Filaf zai rage wa jirgina gudu wajen sauka?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Aboabo nan Kumasi. Na haɗa jirgin rimot da hannuna, na fom, mai fiffike a sama. Tsawon fiffiken daga baki zuwa baki santimita 140 ne, faɗinsa 23, nauyin jirgin haɗe da batir kilo 1.4. Rimot ɗina FlySky FS-i6 ne. Ina tashinsa a wani filin ƙwallo na makaranta can wajen Ejisu, gefe ɗaya itatuwa ne, ɗaya gefen katanga. Tashi ba ya ba ni wahala, sauka ce ta gagare ni. Jirgin yana shigowa da gudu, ya ƙi taɓa ƙasa har sai ya kusa katanga, ga shi farfela da ƙafar gaba sai karyewa suke yi. Wani ya ce in sa masa filaf, wato ɗan faifan bayan fiffike da ake saukewa ƙasa lokacin sauka. Wani kuma ya ce tunda elaron ɗina, wato faifan da ke karkata jirgi dama ko hagu, ya bi bayan fiffiken gaba ɗaya, in mayar da shi filaf daga cikin rimot, ba sai na yanka komai ba. Wace shawara zan bi, kuma yaya ake yi?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka sa filaf ɗin, zai yi maka amfani a wannan filin. Sai dai amfanin da zai yi maka ba shi ne wanda kake tsammani ba, kuma gara ka san haka tun kafin ka ɗora reza a kan fiffikenka.

Mu fara da lissafi, tunda ka ba ni alƙaluma. Fiffikenka 140 sau 23, faɗin fuskarsa ya kama murabba'in mita 0.32 ke nan, shi ke ɗauke da kilo 1.4. Kowane fiffike yana da mafi ƙarancin gudun da zai iya riƙe nauyinsa a sama. In gudu ya yi ƙasa da haka, iskar da ke bin saman fiffiken sai ta rabu da shi, ɗagawa ta kuɓuce, jirgi ya sunkuya ko ya kife gefe guda. Wannan shi ne sitol. Da irin fiffiken fom ɗin da muke yankawa a gida, da irin iskarmu ta Kumasi da rana, lissafina ya ba ni kusan kilomita 31 a awa ga jirginka. To mu ƙaddara ka yi filaf mai kyau, ya ƙara wa fiffiken ƙarfin ɗagawa da kashi 30 cikin ɗari. Gudun sitol ba zai ragu da kashi 30 ba, domin ɗagawa tana tafiya ne da gudu sau gudu. Ragin da za ka samu kusan kashi 12 ne. Sannan sarbo biyu, wato 'yan injinan da za su riƙa motsa filaf ɗin, da wayoyinsu da gam za su ƙara maka giram 50 ko kusa da haka, su cinye wani abu daga cikin ribar. A ƙarshe 31 ta koma 28. Kilomita uku a awa ke nan, kuma idonka daga bakin fili da ƙyar zai bambance su. Ba zan ce banza ba ne, don ƙarfin da jirgi ke dukan ƙasa da shi, da nisan da zai gangara bayan tayoyi sun taɓa, za su ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Amma ba wannan ne ke kai ka jikin katanga ba.

Itatuwan nan su ne matsalarka. Jirgi irin naka, in aka kashe motar da ke juya farfela aka bar shi ya zamo a iska, yakan ci mita takwas gaba kafin ya sauka mita ɗaya, ko kusa da haka. In itatuwan sun kai mita takwas, ka wuce samansu da ɗan rata, to sai ka ci fiye da mita 60 kafin taya ta taɓa ƙasa. Cikakken filin ƙwallo bai wuce mita 100 da 'yan kai ba, na makaranta ma sau da yawa bai kai ba. Idonka yana ganin filin na ƙarewa, sai hannunka ya tura hancin jirgin ƙasa don ya sauko da wuri. Nan ne abin ke lalacewa. Tsayin da ka zubar bai ɓace ba, gudu ya koma. Jirgin ya iso kusa da ƙasa da kilomita 45 ko 50, ka ja hanci don kada ya daki ƙasa, shi kuma ya miƙe yana shawagi kamu biyu daga ƙasa, ya ƙi zama. Ga kuma wani abu: fiffike in ya matso ƙasa har ratar da ke tsakaninsu ba ta kai tsawonsa ba, turjiyar iska a kansa tana raguwa, saboda haka gudun ba ya saurin mutuwa. Abin da kake gani ke nan kake cewa ya ƙi sauka.

Filaf a nan aikin birki yake yi. In ka sauke shi sosai, digiri 40 ko sama, yana tare iska ƙwarai, har jirgin da ke cin mita takwas kafin ya sauka ɗaya ya koma cin huɗu ko biyar. Kana iya tura hanci ƙasa da ka wuce itatuwa, gudu bai taru ba. Kamar direban babbar mota ne da ke gangarowa daga tudun Mampong: in ya sa ƙaramar giya, gangarar ba ta ƙwace masa motar. Maimakon ka taɓa ƙasa a mita 65, sai ka taɓa a 35 ko 40, sauran filin duka naka ne.

Shi ya sa filaf ke da matsayi biyu masu aiki daban. Digiri 10 zuwa 20 na farko galibi ɗagawa suke ƙarawa, turjiyarsu kaɗan ce. Daga 30 zuwa sama ɗagawar ba ta ƙaruwa da wani abin kirki, turjiya ce ke hauhawa. Jirgin yaƙin Ingila Spitfire matsayi biyu kawai filaf ɗinsa ke da su, a rufe ko a sauke digiri 85, wato na sauka ne zalla. Da aka buƙaci tashinsu daga kan jirgin ruwa zuwa tsibirin Malta a 1942, sai da aka riƙa cusa guntun katako a tsakani don filaf ya tsaya a ɗan buɗe, su sami ɗagawar tashi daga gajeren wuri. Matuƙi in ya hau sama sai ya sauke filaf ɗin katakon ya faɗi, sannan ya rufe.

Kafin in kai ga yanka, akwai abubuwa da ba sa cin ko sidi ɗaya, kuma wani daga cikinsu yana iya fin filaf tasiri. Ka ɗora jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, batir na ciki, ka nemo inda yake daidaita. Ga fiffike mai faɗi ɗaya daga tushe har baki irin naka, wurin ya kamata ya faɗo tsakanin kashi 25 da 33 cikin ɗari daga gaban fiffiken, wato santimita 6 zuwa 7.5. Masu farawa da yawa suna cika wa hanci nauyi don tsoro, jirgin kuma in hancinsa ya yi nauyi elebeta, wato faifan wutsiya mai ɗaga hanci da sauke shi, ba ta iya riƙe shi a ƙaramin gudu, dole ya sauka a guje. Karyewar ƙafar gaba da ka ambata ta sa nake zargin haka. In ka samu yana daidaita a santimita 4 ko 5, ka riƙa ja da batir baya rabin santimita rabin santimita, kana gwadawa a sama. Kada ka wuce 7.5.

Sai nauyi. Duk kashi 10 da ka rage daga nauyin jirgi yana rage gudun sitol da kusan kashi 5. Batir mai sel uku na 2200 mAh yana kai giram 180, na 1300 kuwa bai fi 120 ba. Gam ɗin kyandir da muke zubawa ba lissafi shi ma nauyi ne, musamman bayan gyara na uku da na huɗu. Sai iska: in tana kaɗawa kilomita 10 a awa ka fuskance ta, gudunka a kan ƙasa ya sauko daga 31 zuwa 21, abin da babu filaf ɗin da zai ba ka. In kuwa ta biyo bayanka, 41 ne. Ka ɗaura tsumma a sanda ka kafa a bakin fili, kuma ka tuna iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma, ɓangaren da ya yi maka daɗi a Janairu yana iya zama na baya a Yuni. Zafi ma yana da nasa. Iskar azahar mai digiri 32 a tsayin Kumasi ta fi wadda littattafai ke lissafi da ita sauƙi da kusan kashi 8, wannan kuma ƙarin kashi 4 ne a gudun sauka. Gwajin farko a yi shi da sassafe.

Yanzu shawarar abokinka ta biyu, ta mayar da elaron filaf daga rimot. Ana yi, sunansa filafaron, kuma rimot ɗinka zai iya in kowane elaron yana da sarbonsa a canal dabam, wato layin umarni nasa shi kaɗai a rimot. Amma ni ban ba ka shawarar ba. In ka sauke bayan fiffike, wannan yankin yana zama kamar ya ƙara ɗaga kai ga iska, don haka shi ne zai riga sauran yin sitol. In yankin na kusa da jikin jirgi ne, alheri ne: tsakiya ta saki, bakin fiffike na nan riƙe, jirgi ya ɗan sunkuya a miƙe, elaron na aiki. In kuwa ka sauke har baki, to bakin ma yana iya sakewa, kuma ba kasafai bakin dama da na hagu ke sakewa lokaci ɗaya ba. Ɗaya ya saki, jirgi ya mirgina, kana mita uku daga ƙasa ba ka da sararin gyarawa. Ƙari a kan haka, elaron ɗin da ya riga ya sauka ba shi da sauran tafiya mai yawa, kuma wanda ya fi sauka yana jan hancin jirgin zuwa kishiyar inda kake son juyawa. Sannan iyakar abin da za ka iya saukewa lafiya digiri 10 ne zuwa 15, wanda ba zai ba ka birkin da kake nema ba. In dai gwaji kake so ba yanka, to ka yi akasin haka: ka ɗaga elaron biyun sama digiri 10 zuwa 15. Ɗagawa za ta ragu, jirgin ya riƙa nutsowa, bakin fiffike kuma ya ƙara aminci. Gudun sauka zai ɗan ƙaru, amma shawagin nan na kan ƙasa zai ragu. Masu gilaida, jiragen da ke zamewa a iska ba inji, suna haɗa biyun, filaf ƙasa sosai elaron sama, su sauka kusan a gaban ƙafarsu.

To ga yadda zan yi da fiffiken naka. Kowane ɓangare, in an cire jikin jirgi, yana da kusan santimita 65. Ka auna 27 daga jikin jirgi, ka raba dogon elaron ɗin nan gida biyu. Na ciki ya zama filaf, na waje mai 38 ya ci gaba da zama elaron. Ka bar ratar milimita 2 tsakaninsu, da kuma tsakanin filaf da jikin jirgi, kada su goga. In sarbon elaron ɗinka yana wajen tushe ne, dole ya ƙaura zuwa tsakiyar guntun waje. Tunda elaron ya gajarta, ka ƙara masa tafiya kaɗan, kuma in da hali hawansa sama ya fi saukarsa ƙasa.

Faɗin filaf ya kai kwata na faɗin fiffike, wato santimita 5.5 zuwa 6. Dogon elaron yakan zama siriri, santimita 3.5 ko 4. In naka haka yake, kada ka yi ƙyuya, ka ja sabon layi gaba kaɗan ka yanka sabon filaf mai cikakken faɗi, muddin ba ka taɓa ƙashin fiffiken ba. Sabuwar reza, rula ta ƙarfe, yanka uku marasa ƙarfi maimakon ɗaya mai ƙarfi, don reza in ta dushe yagar fom take yi. Ka manna siririn katako ko sandar kabon a jikin filaf ɗin ta tsawo. Filaf ɗin fom tsurarsa murɗewa yake yi in iska ta danne shi, wajen ƙaho, wato ɗan tsinin da sarbo ke jan filaf da shi, ya sauka digiri 40, can ƙarshe 25.

Hinji a ƙasa za ka yi shi. Wato gefen da filaf ke juyawa a kai ya kasance a fuskar ƙasa ta fiffike. Amfaninsa biyu: filaf zai sauka yadda kake so ba sai ka fere masa kusurwa ba, kuma in ya rufe fuskokin biyu suna haɗuwa su tsayar da shi daidai, ba ya wucewa sama. Salatif mai zare a ciki ya isa, layi ɗaya ta ƙasa, sannan ka naɗe filaf ɗin gaba ɗaya ka sa wani ta cikin tsagar. Ranarmu da ƙurar hunturu ba sa barin salatif ya daɗe, saboda haka ka goge fom ɗin tas kafin mannawa, kuma duk ranar tashi ka ja filaf ɗin da yatsa ka ji ko ya fara ɗagowa. Irin filaf ɗin da kake gani a jiragen fasinja masu saukowa ta saman unguwarku, wanda ke zamewa baya ya buɗe tsaga, asalinsa na injiniyan Amurka Harlan Fowler ne tun 1924, kuma ya fi wannan ɗagawa nesa ba kusa ba. Amma a kan jirgin fom mai kilo ɗaya da rabi wahalarsa da nauyinsa sun fi ribarsa. Ka bar shi sai jirgi na gaba.

Wajen sarbo, ka nemi mai haƙoran ƙarfe irin MG90S. SG90 mai haƙoran roba zai yi aiki a sama, amma filaf yana sauke ne lokacin da jirgi ke taɓa ƙasa, ciyawa ko dutse ɗaya ya buge shi haƙoran sun zube, kai kuma ka san makonnin da ake jira kafin saƙo ya iso daga China. Sarbon ya zauna a ƙarƙashin fiffike a gaban filaf, ƙaho ma a ƙasa, ta yadda sarbo zai jawo filaf ƙasa, ba turawa ba. Iska tana ƙoƙarin mayar da filaf sama, don haka sandar da ke haɗa sarbo da ƙaho tana cikin ja ne, waya kuma a ja ba ta lanƙwashewa. Wayar sifok ta keke tana yin sanda mai kyau, tsohon katin ATM kuma yana yin ƙaho, in ka tsaga fom ɗin ka cusa shi har ya ratsa, ba ka manna shi a fuska kawai ba.

Ga inda mutane da yawa ke ɓata aiki. Elaron yana zama a tsakiya ne ya je sama ya je ƙasa, shi ya sa ake ɗaura hannun sarbonsa a tsaye. Filaf kuwa hanya ɗaya yake bi. Saboda haka ka kunna rimot, ka sa makunnin a matsayin rufe, sannan ka ɗaura hannun sarbon yana ɗan kallon baya wajen filaf. In ka sauke duka, hannun zai zagayo gaba har ya kusa kwantawa layi ɗaya da sandar. A wannan matsayin nauyin iska yana faɗawa kan gindin sarbo ne, ba kan motarsa ba. Ka sa sandar a ramin ciki na hannun sarbo da ramin waje na ƙaho, in dai tafiyar ta isa. Kuma ka kasa kunne. Sarbon da ke kuka a rufe ko a sauke yana dannar wani abu ne, wuta yake sha yana zafi, ka rage masa iyaka a rimot har ya yi shiru.

Maganar wuta ba ƙarama ba ce. Yanzu sarbo shida za ka ɗora. Ƙananan ESC masu araha, wato na'urar da ke sarrafa gudun motar farfela, suna ba risiba, mai karɓar umarnin rimot a cikin jirgi, bolt 5 ne ta hanyar ƙona rarar wutar batir ta zama zafi, kuma yawancinsu amfiya 2 aka rubuta musu. Ƙaramin sarbo ɗaya in ya cije yana iya jan fiye da rabin amfiya. In wuta ta faɗi risiba zai ɗauke na ɗan lokaci, kuma lokacin da hakan ya fi faruwa shi ne daidai sanda ka sauke filaf kana juyawa. Ka sayi UBEC, wato 'yar na'urar rage wutar batir mai zaman kanta, mai amfiya 3 ko 5 ka ba risiba wuta daga gare shi, ka zare jar waya daga filogin ESC ka naɗe ta. A ƙasa ka motsa komai tare na minti ɗaya, filaf na hawa da sauka, ka ga ko wani abu zai yi tsalle ko ya ɗauke.

Rimot ɗinka canal shida ne: 1 elaron, 2 elebeta, 3 totur, 4 roda (faifan wutsiya mai juya hanci dama ko hagu), 5 da 6 a sake. Ka haɗa elaron biyu da wayar Y, mai raba canal ɗaya gida biyu, a canal 1, ka ba filaf na dama 5, na hagu 6. A wajen saita canal ɗin ƙari, ka ɗora su biyun a kan SwC, shi ne makunni mai matsayi uku. Sarbon biyu suna kallon juna ne, don haka ɗaya zai tafi baibai, sai ka juya canal ɗinsa. Wannan ya fi wayar Y ga filaf, domin kowanne kana iya gyara masa tsakiya da iyaka shi kaɗai. Daidaito kuwa wajibi ne, filaf ɗaya in ya fi ɗaya sauka ya zama elaron. Ba ka buƙatar ma'aunin kusurwa. Ga filaf mai santimita 6, bakinsa in ya sauka santimita 1.5 digiri 15 ke nan, in ya sauka kusan 4 digiri 40 ne. Ka yanka kwali mai waɗannan alamu biyu ka gwada dama da hagu da shi.

FS-i6 ba ya rage wa sarbo sauri, da ka taɓa makunni filaf zai faɗo gaba ɗaya. Rimot masu manhajar EdgeTX irin na kamfanin RadioMaster suna ba ka damar cewa ya sauka cikin daƙiƙa biyu. Kai kuwa ko ka sayi 'yar na'urar rage saurin sarbo da ake sawa a kan waya, ko ka ɗora filaf a kan maɓallin murɗawa VrA. Ni na fi son makunni ga mai koyo, don maɓallin murɗawa sai ka saki sandar tuƙi ta rimot kafin ka kai gare shi, kuma ba ka sanin inda ya tsaya sai ka duba.

Abu na ƙarshe a rimot shi ne haɗa filaf da elebeta. Jirgi mai fiffike a sama yawanci yana ɗaga hanci ya yi tsalle sama in filaf ya sauka, saboda ɗagawa ta ƙaru farat ɗaya, kuma iskar da filaf ya karkatar ƙasa tana danna wutsiya. Ka buɗe mis ɗaya, wato saitin da ke sa wani canal ya ja wani, canal 5 ya ja canal 2, ka fara da kashi 5 zuwa 8 na elebeta ƙasa a cikakken filaf. Ka duba da idonka a ƙasa cewa ƙasa take yi ba sama ba, kuma in filaf na rufe elebeta tana nan inda take. Ainihin adadin kuwa sai a sama za ka same shi, kowane jirgi da halinsa.

Ranar gwaji ka tashi filaf a rufe, ka hau mita 50 ko 60. Ka rage totur zuwa ƙasa da rabi, ka jira gudu ya lafa, sannan ka sa matsayi na farko. Kada ka taɓa sauke filaf a cikakken gudu, ko jirgin ya yi tsalle ko hinji ya yage. Ka lura da hanci. Ka zagaya sau biyu, ka sa na biyu. Za ka ga jirgin kamar an riƙe shi ta baya, kuma zai nemi ƙarin totur don ya riƙe tsayinsa. Can saman ka kashe totur ka riƙa jan elebeta a hankali har ya yi sitol, a rufe, a rabi, da a cike, don idonka ya san kamannin jirgin daf da sakewa. Yakan fara lilo, elaron ya yi laushi. Wannan kamannin shi za ka guje wa a ƙasa.

Wajen saukar kanta, ka sa rabin filaf tun kana tafiya gefen fili iska na bayanka. Ka yi juyi biyun da za su kai ka layin sauka a kwance, kada ka karkata da yawa, domin karkata digiri 45 tana ɗaga gudun sitol da kashi 19, ka kuma taimaka da roda. Cikakken filaf sai ka miƙe kan layin sauka, ka tabbata za ka wuce itatuwa. Daga nan hanci ya zauna ɗan ƙasa, totur kusan kwata. Elebeta ce ke riƙe maka gudu, totur ke ƙayyade saurin nutsowa: in za ka gaza, ƙara totur, kada ka ja hanci. Kuskuren da filaf ba ya yafewa shi ne kashe mota da jan hanci tun kana mita uku ko huɗu a sama. Da turjiyar digiri 40 gudu yana mutuwa nan take, jirgin ya faɗo a tsaye. Ka riƙe gangarar har ka kai tsayin ƙugu, sannan ka sassauta totur kana jan elebeta a hankali, tayoyin baya su fara taɓawa. Da ya zauna ka rufe filaf, ɗagawar ta mutu, shi ma ya tsira daga tsakuwa. Ranar da iska ke bugawa tana sakewa, rabin filaf ya ishe ka, ko ma babu, iskar ta riga ta yi maka aikin.

In ka ga saukar ba ta yi ba, totur za ka fara turawa, a hankali har ƙarshe, kana danne hanci don zai so ya miƙe sama. Sai gudu ya dawo ka koma rabi, sai ka wuce tsayin itatuwa ka rufe. Wanda ya rufe filaf gaba ɗaya a ƙaramin gudu kusa da ƙasa ya zare wa fiffike ɗagawar da yake rataye da ita.

Ka yi daidai da kake fita har Ejisu. Aboabo a gindin filin jirgin Prempeh I take, ko gwajin minti ɗaya kada ka yi a unguwa. Hukumar jiragen sama ta ƙasa, GCAA, tana da ƙa'idoji a kan jirage marasa matuƙi tun 2016, har da rajista, ya kamata ka nemi bayaninsu. Filin makaranta kuma a nemi izinin hedimasta, a tashi sanda yara ba sa nan.

In ka gwada ka ga jirgin yana mirginawa gefe ɗaya duk sanda filaf ya sauka, kada ka gyara da tirim ɗin elaron, wato ɗan maɓallin daidaita tsakiyarsa a rimot, don da ka rufe zai mirgina ɗaya gefen. Ka sauko ka sa kwalin nan. In dama da hagu sun yi daidai a tsaye, to ka danna bakin kowanne da yatsa, rimot a kunne: wanda ya fi laushi shi ne iska ke mayarwa sama, kuma laifin yana wajen ƙahon da ya saki a cikin fom, ko ramin da ya yi wa sanda yawa.